Yadda Ake Auna Giɓin Lafiya Tsakanin Rukunonin Jama'a

Giɓin lafiya shi ne bambancin da ake samu a yawan rashin lafiya, mace-mace ko samun kulawar asibiti tsakanin rukunonin mutane, kamar talakawa da masu hali, ko mazauna karkara da na birni. Hukumar Lafiya ta Duniya na tattara irin waɗannan alƙaluma daga ƙasashe domin kwatantawa, kuma a 2023 ta buɗe rumbun bayanai na musamman a kan batun.

A Najeriya, babban ma'auni shi ne binciken al'umma da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa gida-gida. Da yake magidanta da yawa ba su da albashin da za a rubuta, ana duba abin da gida ya mallaka, kamar irin rufi, ruwan sha, makewayi da abin hawa, sannan a kasa gidaje kashi biyar.

Binciken 2018 ya nuna cewa yara 132 cikin kowane 1,000 na mutuwa kafin su cika shekara biyar. Amma wannan matsakaici ne kawai. A gidaje mafi talauci adadin ya kai 173, a mafi wadata kuwa 53, wato tazarar 120, fiye da ninki uku. Arewa maso Yamma na da 187, Kudu maso Yamma 62.

Sai dai ma'aunin na tsayawa ne a matakin jiha. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 na fitowa da adadi ɗaya, wanda ya haɗe Zariya da Kafanchan, ya kuma haɗe garin Kafanchan, mai babban asibiti da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, da ƙauyukan Sanga da Kauru, inda mai naƙuda kan yi doguwar tafiya a kan babur. Rajistar asibitoci na cike wani ɓangare na wannan gurbi, amma waɗanda suka je asibiti kawai take ƙirgawa. Jaririn da aka haifa a gida ya rasu a gida ba ya shiga littafi. Lissafin kansa na dogara ne da hasashen yawan jama'a, domin rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006.