Lambar Da Ba Ta Rabuwa

Wani ɗan kasuwa daga Dawanau ya aiko da tambaya: wai wace lamba ce mafi girma cikin lambobin da ba sa rabuwa?

To Malam, buhu 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, 3, 4 ko 6. Amma buhu 13 fa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki guda. Haka 7 da 11 suke.

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid, masanin lissafi a Iskandariya ta Masar, ya tabbatar irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Ka ga ke nan babu ta ƙarshe, sai dai wadda aka gano. A 1876 Bafaranshe Eduwar Luka ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39, ba tare da na'ura ba. A 2024 Ba'amurke Luke Durant ya gano wata da kwamfutoci, alƙalumanta sun haura miliyan 41.

Kada ka raina su. Manyan lambobi irin waɗannan na cikin abin da ake kulle sirrin aika kuɗi da shi a intanet. Allah Ya ba da kasuwa.