Ƙuri'a Ɗaya da Aka Rasa a 1982: Waiwaye Kan Faɗaɗa Gasar Big East

Duk watan Maris, da zarar an fitar da jerin jami'o'in da za su fafata a gasar ƙwallon kwando ta ƙasa a Amurka, sai tsohuwar gardama ta farka tsakanin magoya bayan Big East. Masu son a ƙara mambobi su ɗauko lissafi: ga Big Ten da jami'o'i 18, ga SEC da 16, ina mai 11 za ta iya da su? Masu cewa a bar kaza cikin gashinta kuma su ɗauko tarihi. Tarihin ne za mu bi, domin da wuya a sami rukunin wasannin jami'o'i da faɗaɗawa ta ɗaukaka shi, ta kuma kayar da shi, kamar wannan.

Kafin 1979 manyan makarantun gabashin Amurka kowace gashin kanta take ci a fagen kwando, tana tsara wasanninta da wanda ta ga dama. Da hukumar NCAA ta fito da sabbin ƙa'idoji kan tsarin wasanni, sai Dave Gavitt, kocin Providence kuma daraktan wasanninta, ya ga gara manya su haɗa kai da kansu tun kafin a ɗaura musu aure da maƙwabtan da ba sa'anninsu ba. Ya tattara bakwai: Providence, St. John's, Georgetown, Syracuse, Seton Hall, Connecticut da Boston College. An gayyaci Holy Cross da Rutgers, suka ƙi. Villanova ta shigo a 1980. Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga abin da Gavitt ya hango: New York, Washington, Boston, Philadelphia, wato biranen da akwatunan talabijin suka fi yawa a ƙasar. Sai ga sa'a ta zo masa har gida. A watan Satumbar wannan shekara ta 1979 aka buɗe wata 'yar tasha a garin Bristol na jihar Connecticut, sunanta ESPN, mai yunwar abin da za ta cika awowinta da shi. Tasha na neman wasa, gasa na neman ido. Tare suka girma.

Gaba ma ba ta ɓata lokaci ba. A watan Fabrairun 1980 Georgetown ta je Syracuse a wasan bankwana da tsohon zaurenta na Manley, ta karya mata tarihin cin wasa 57 a jere a gida, kocinta John Thompson kuma ya tsaya gaban manema labarai ya sanar da cewa an rufe zauren. Mutanen Syracuse ba su yafe wannan magana ba tsawon shekara talatin da ɗoriya, kuma da irin wannan ƙullin ne gasar ta yi kasuwa.

Gardamar faɗaɗawa ta farko ta zo a 1982, kuma ita ce har gobe ake cizon yatsa a kanta. Penn State ta nemi shiga. Ba gwanar kwando ba ce, amma giwa ce a ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wannan da ake yi da hular kwano, ƙarƙashin koci Joe Paterno. Ana bukatar ƙuri'a shida cikin takwas, ta samu biyar. Waɗanda suka ƙi suna da hujjarsu: don kwando aka kafa gidan nan, me zai sa a shigo da baƙon da hankalinsa na wani wuri? Aka ɗauki Pittsburgh, suka zama tara. Mike Tranghese, na hannun daman Gavitt a lokacin, ya sha faɗa daga baya cewa tun ranar ya san za a yi da-na-sani.

Sai dai a shekarun da suka biyo baya ba wanda ya ga abin nadama. A 1983 aka mayar da gasar ƙarshen kaka zuwa Madison Square Garden a tsakiyar New York, inda take har yau. A 1984 Georgetown, da dogon ɗan wasanta Patrick Ewing haifaffen Jamaika, ta doke Houston ta Hakeem Olajuwon ɗan Legas da ci 84 da 75, Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ɗaga kofin ƙasa a matsayin babban koci. A 1985 kuwa, cikin jami'o'i huɗu da suka rage a gasar ƙasa, uku 'yan Big East ne: Georgetown, St. John's da Villanova. Shekara arba'in ta wuce ba wani rukuni da ya maimaita haka. A wasan ƙarshe Villanova, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi, ta jefa ƙwallo 28 guda 22 suka faɗa kwando, ta kayar da Georgetown 66 da 64. Syracuse da Providence suka kai zagayen huɗun ƙarshe a 1987, Seton Hall ta kai wasan ƙarshe a 1989 ta faɗi da maki ɗaya tal. Makarantu tara ne kacal, kowace na zuwa gidan kowace duk shekara, 'yan kallo sun san kocin abokan gaba kamar yadda suka san nasu: Lou Carnesecca da rigunan sanyinsa, Jim Boeheim da ƙorafinsa ga alƙalan wasa, Thompson da farin tawul a kafaɗa.

Ana cikin wannan shagali ƙasa ta riga ta fara zamewa. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ƙwace ikon sayar da wasannin ƙwallon hular kwano ga talabijin daga hannun NCAA. Daga nan kowane rukuni ya shiga kasuwa da kansa, kuɗin wannan wasa suka yi wa na kwando fintinkau. Penn State ta tattara ta nufi Big Ten. Syracuse, Pittsburgh da Boston College, masu manyan ƙungiyoyin hular kwano da ba su da rukuni, suka fara leƙen waje. Gavitt ya bar kujera a 1990 ya koma kulob ɗin Boston Celtics, Tranghese ya gaje shi, ya kuma yi abin da yake ganin shi kaɗai zai hana gidan watsewa. A 1991 Big East ta buɗe reshen hular kwano, ta shigo da Miami daga can kudancin Florida a matsayin cikakkiyar mamba, Rutgers da West Virginia da Virginia Tech da Temple kuma don wannan wasa kaɗai. A 1995 Rutgers da West Virginia suka zama cikakku, Notre Dame ta shigo da komai nata in ban da hular kwanon da ta ƙi sakin wa kowa.

A nan tsagin ya samo asali. Gida ɗaya ya zama na mutane iri biyu: ƙananan makarantun ɗarikar Katolika na cikin birane, waɗanda kwando ne abincinsu, da manyan jami'o'i masu filayen da ke cin mutum dubu sittin. Duk wata shawara sai an auna ta sau biyu. Abin da zai yi wa wannan ɓangare daɗi, asara ne ga wancan.

A 2003 rukunin ACC ya kawo farmaki. Miami da Virginia Tech suka fice a 2004, Boston College, ɗaya daga cikin bakwai na asali, ta bi su a 2005, har magana ta kai kotu. Martanin Big East shi ne ta ƙara buɗe ƙofa. Ta kwaso biyar daga Conference USA: Louisville, Cincinnati da South Florida don masu hular kwano, Marquette da DePaul don kada masu kwando su ga an yi musu rinjaye. Aka zama 16, takwas nan takwas can.

Mu faɗi gaskiya, a fagen kwando wannan zamani ya ƙayatar, kuma shi ne babbar hujjar masu son faɗaɗawa a yau. A watan Maris na 2009 Syracuse da Connecticut suka yi wasan da sai da aka ƙara lokaci har sau shida, aka tashi 127 da 117 bayan ƙarfe ɗaya na dare. A 2011 jami'o'i 11 daga cikin 16 suka samu shiga gasar ƙasa. Connecticut, wadda ta ƙare ta tara a teburi, ta ci wasa biyar cikin kwana biyar a New York bisa kafaɗar Kemba Walker, ta zarce ta ɗauko kofin ƙasa. Kowane wasa da mamba ta buga a gasar ƙasa kuwa kaso ne na kuɗi da NCAA ke biyan rukuninta tsawon shekara shida, saboda haka yawa na da riba. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tsarin gida da waje ya mutu, tsofaffin abokan hamayya sukan haɗu sau ɗaya a shekara, kuma daga 2006 zuwa 2008 huɗu na ƙasan teburi ko ƙofar Madison Square Garden ba sa gani.

A wannan shekara ta 2011, da gasar ke kan ganiyarta, shugabannin suka yi watsi da tayin ESPN na sama da dala biliyan 1, da tunanin kasuwa za ta ba su fiye da haka. Watanni kaɗan bayan nan labari ya fasu cewa Syracuse da Pittsburgh za su koma ACC. A ranar 16 ga Satumba Dave Gavitt ya rasu, kwana biyu bayan haka aka tabbatar da ficewar. Abin da ya biyo baya sai a kira shi kame-kame. TCU ta jihar Texas, wadda ta amince za ta shigo, ta juya tun ba ta buga ko wasa ɗaya ba. West Virginia ta biya dala miliyan 20 don a sake ta da wuri. Gasar da sunanta ke nufin gabas ta aika goron gayyata zuwa Boise a jihar Idaho da San Diego a bakin tekun Pasifik, su ma daga baya suka fasa. Notre Dame, Rutgers da Louisville suka bi layin fita a 2012. Da aka gayyato Tulane, wadda rabonta da abin kirki a kwando an jima, sai masu kwando suka ce tura ta kai bango.

A watan Disambar 2012 makarantun Katolika bakwai, Georgetown, St. John's, Seton Hall, Providence, Villanova, Marquette da DePaul, suka sanar da raba gari. Sun bar wa waɗanda suka rage mafi yawan kuɗin asusu, suka tafi da abu biyu: sunan Big East da zauren New York. Ragowar suka koma amsa sunan American Athletic Conference. Su ma bakwai ɗin faɗaɗawa suka fara da ita, kuma nan ne masu cewa duk ƙari musiba ce ke yin tuntuɓe. Sun ɗauko Xavier daga Cincinnati, Butler daga Indianapolis wadda ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2010 da 2011, da Creighton daga Omaha, can tsakiyar ƙasa. Nisa bai dame su ba. Abin da suka duba shi ne makarantar da kwando ke kan gaba a kasafinta, wadda ba za ta kwana tana mafarkin wani gida ba. Fox, da ke shirin buɗe sabuwar tashar wasanni, ta ba su dala miliyan 500 na shekara 12. Val Ackerman, shugabar farko ta gasar mata ta WNBA, ta zama kwamishina. Goma cif, wasa 18, kowa ya je gidan kowa.

Da yawa sun ɗauka gasar ta zama kufai. Villanova ta koci Jay Wright ta ba su amsa da kofin 2016, wanda Kris Jenkins ya ci da jifar daƙiƙar ƙarshe a kan North Carolina, ta ƙara da na 2018. Sai Connecticut, wadda ta gaji da yawon Texas da Oklahoma a rukunin da magoya bayanta ba su san kowa ba, ta biya dala miliyan 17 ta dawo gida a 2020, ta bar ƙungiyarta ta hular kwano tana cin gashin kanta. Kofunan 2023 da 2024 suka biyo baya ƙarƙashin Dan Hurley. A na farkon, gwarzon gasar shi ne Adama Sanogo ɗan Bamako, wanda ya buga wasannin ƙarshe cikin watan Ramadan yana ɗauke da azumi.

Wannan ce ta kawo mu ga gardamar mamba ta 12. A 2024, shekarar da Connecticut ta sake ɗaga kofi, jami'o'i uku kacal aka ɗauka daga Big East, aka bar Seton Hall, St. John's da Providence a gida. Shekara guda bayan haka SEC ta shigar da 14, ta shafe tarihin 2011. Masu son ƙari suka ce ga shi nan. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne Gonzaga, makarantar Katolika mai ƙarfin gaske a kwando, sai dai tana Spokane, fiye da kilomita 3,000 daga New York, kuma ba 'yan kwandon maza kaɗai ne za su riƙa hawa jirgin ba, har da 'yan gudu da 'yan ƙwallon raga. Gonzaga kuwa ta riga ta raba gardama da kanta tun watan Oktoban 2024, ta zaɓi sabuwar Pac-12. Sauran da ake ambata, Dayton, Saint Louis da VCU, kowace na da cikakken zaure da magoya baya na gani da faɗa, amma tambayar da shugabanni ke yi ita ce ko wata cikinsu za ta kawo kuɗin talabijin da ya kai kason da za ta ɗauka. Ga kuma matsalar jadawali: da 11 ana buga wasa 20 gida da waje, da 12 sai dai 22, ko a sake binne tsarin da aka sha wuya kafin a tono shi.

A ganinmu masu cewa a dakata sun fi hujja, kuma sabon yanayin ya ƙara musu ita. Tun bayan sasancin kotu na 2025 da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, makarantar da ba ta da rundunar hular kwano da za ta ciyar na iya zuba mafi yawan abin da take da shi a kwando. Yarjejeniyar talabijin da aka ƙulla da Fox, NBC da TNT za ta kai 2031, don haka ba abin da ke kora. Abu ɗaya ne zai iya sauya lissafin. Connecticut ita kaɗai ce cikin 11 ke da babbar ƙungiyar hular kwano da ba ta da masauki, kuma a 2024 ta zauna da Big 12 kafin maganar ta tsaya. Ranar da ta tashi, waɗanda ke cewa 11 ta isa su ne za su fara neman lambar wayar Dayton.