Maƙeran Abzin da Garin Arlit

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin abin wuyan nan na azurfa da ake kira kuros ɗin Agadas. Ko ka san hannun da ya ƙera shi, da yadda ya baro daji ya shigo kasuwa? To, ga labarin.

Tun zamanin da, Abzinawa suna da maƙeransu, waɗanda suke kira inadan. Sana'ar gado ce. Kowane gidan maƙera yana jingine da wani babban gida na masu raƙuma. Namiji yana ƙera takobi da mashi da sirdin raƙumi da kayan ado. Matarsa kuwa tana dukanci, tana yin jakunkuna da matasai masu launi. Ba a cika biyansu da kuɗi ba. Hatsi da nono da dabba ake ba su.

Ga yadda ake zuba kuros. Maƙeri zai siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya sa a wuta. Kakin ya narke ya fita, ya bar gurbi. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce ya fasa yumɓun, ya goge da magagari, ya yi zane. Tun da sai an fasa yumɓu, kowane kuros da irin nasa fasalin.

Ana nan sai abubuwa biyu suka sauya zaman maƙera. Na farko, an sami ƙarfen yuraniyom arewa da Agadas, aka kafa garin Arlit a 1969. Kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a 1971, na COMINAK kuma a Akokan a 1978. Turawan Faransa da ma'aikata masu albashi suka cika wurin. Na biyu, farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi. Na 1984 ya ƙara. Wanda ya rasa raƙumi, me zai yi da sirdi? Iyayen gida suka kasa riƙe maƙeransu.

Sai maƙera da yawa suka ɗauki zuga-zugi suka nufi Agadas da Arlit da Yamai. Can suka sami sababbin masu saye. Suka koyi yin cokula da mariƙin mabuɗi. Suka riƙa jera kuros 21 a allo ɗaya, kowane da sunan wuri, kamar Iferwan da Timiya da Ingal. Da haka suka ci da iyalinsu.

Ba su kaɗai fari ya tura kasuwa ba. A ƙasar Indiya akwai yankin Mitila, inda ake yaren Maitili. Matan can sun gaji yin zane a bangon ɗaki lokacin biki. Da fari ya same su a 1966, hukuma ta ba su shawarar su yi zanen a takarda su sayar. Yau ana sayen zanen Madubani a ƙasashe masu nisa. Ka ga, gado yana iya fid da mutum daga yunwa.

Amma kasuwa ba ta da tabbas. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun kori masu yawon buɗe ido. A 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, baƙi suka ƙara janyewa. A 2021 aka rufe ramin Akokan. Tun 2014 kuma samari da yawa suka tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten.

Ma'adini yana ƙarewa, a rufe rami. Sana'a kuwa ba ta ƙarewa sai ranar da aka rasa mai koyo. In tsoho ya mutu bai koyar ba, ya tafi da abin da ke kansa.

To, ɗan'uwa, yanzu ka iya rubutu. Je wurin tsohon maƙeri ko tsohuwar badukiya ta garinku. Tambayi sunan kowane zane da wanda ya koya musu. Rubuta a littafinka, ka karanta wa 'ya'yanka.