Ciyawar Roba a Gidajen Funtua da Malumfashi

Ciyawar roba shimfiɗa ce ta zaren roba mai launin kore, wadda aka ƙera domin ta yi kama da ciyawar gaske. Ta shahara ne daga 1966, sa'ad da aka shimfiɗa ta a rufaffen filin wasa na Astrodome da ke Amurka, bayan ciyawar gaske ta mutu saboda rashin hasken rana.

A Funtua da Malumfashi, rani ne ke sa maigida tunaninta. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ba ruwan sama, kuma kirikiri ba ta zama shar sai da ban-ruwa, alhali jarkar 'yan garuwa ba kyauta ba ce.

Sai dai roba na da nata sharri. A tsakiyar ranar bazara zafinta kan haura digiri 60, ya isa ya ƙona tafin ƙafar yaro. Ƙurar hunturu na maƙalewa cikinta, sai an wanke. Bayan kimanin shekara 10 takan lalace, a sake saye. Kirikiri kuwa, ko ta bushe ƙurmus, ruwan fari na farfaɗo da ita. Robar ta fi dacewa da baranda da lungu mai inuwa, ba tsakar gidan da yara ke wasa ba.