Duwatsun Cocin Govan Da Darasin Da Ke Cikinsu

Yau ina so mu leƙa ƙasar Sikotland, mu ga tarihin wani tsohon coci a unguwar Govan da ke birnin Gilasgo, a bakin kogin Clyde. Kada wani ya ce me ya haɗa mu da coci, a bari mu kai ƙarshe tukuna.

Ginin da ke tsaye a wurin yanzu an kammala shi ne a 1888, amma filin ya girme shi nesa ba kusa ba. Tsakanin 1994 da 1996 masana daga Jami'ar Gilasgo suka yi tono a maƙabartar, suka samu kaburbura na ƙarni na 5 zuwa na 6. Wato an fi shekara 1,400 da fara binne mutane a nan.

Darajar Govan ta tashi ne bayan wata masifa. A shekarar 870 mayaƙan teku da ake kira Viking suka yi wa fadar sarakunan yankin da ke kan dutsen Dumbarton ƙawanya har wata huɗu. Da ruwa ya ƙare wa na ciki sai aka ci garin, aka kwashi bayi zuwa Dublin. Sarautar ba ta mutu ba, ta matso sama ta bakin kogi, Govan ta zama cibiyar ibada da maƙabartar manyan masarautar Strathclyde.

Shaidar haka ita ce sassaƙaƙƙun duwatsu 31 na ƙarni na 9 zuwa na 11 da ke ajiye cikin cocin. Biyar daga ciki manya ne masu doro, kamar an kifa kwalekwale, salon da ake dangantawa da zuwan Viking. Mafi shahara shi ne akwatin gawa da aka fafe daga dutse guda, da zanen mahayin doki da barewa a jikinsa. A 1855 aka ci karo da shi ana haƙa kabari.

To ga inda abin takaici yake. Wasu duwatsun an bar su a waje. A 1973 da aka zo rushe masana'antar ƙera jiragen ruwa da ke maƙwabtaka da cocin, sai suka ɓace, har aka ɗauka an haɗa da su an zubar. Abin da ya tsira daga yaƙi da ruwan sama na shekara dubu, sakaci ya so ya ci shi rana ɗaya. Sai a 2019 aka sake gano uku a ƙarƙashin ƙasa, kuma yaro ɗan shekara 14 ne ya fara taɓo na farko. A 2023 ma an tono wani mai hoton mayaƙi.

Tun 2007 cocin ya daina zama babban wurin ibadar unguwar, amma mutanen Govan ba su bar duwatsun sun lalace ba.

Mu fa? Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916. Wa ya rubuta sunayen sarakunan Hausawanmu, da waɗanda suka aza tubalin masallatanmu? Namu tarihin a bakin dattawa yake, kuma dattijo idan ya tafi babu tonon da zai dawo da abin da ya sani. Mu je mu tambaye su tun suna nan.

Allah ya sa mu dace, amin.