Yaron da Ke Kwana da Takalmi

Na fara koyarwa a wata sakandaren kwana a ƙasar Birnin Gwari tun dajin Kamuku yana gandun daji, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999. A wancan zamanin daji abin alfaharinmu ne. Mukan kwashi ɗalibai mu shiga, su ga gwanki, su auna sawun giwa da tafin hannu, su dawo suna ta labari har a kashe fitila.

Maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta bakinmu a lokacin, amma muna da mutane. Kowane ɗan aji ɗaya yana da uban makaranta, babban ɗalibi da ke ajiye masa garin kwaki da sukari a akwatinsa, yana kare shi daga cin zalin manya. Ɗan ƙauye kuma yana da waliyyi a cikin gari, inda zai je ranar fita ya ci tuwon gida. Idan yaro ya daina cin abinci, uban makaranta ne zai fara lura, ya gaya wa malamin ɗakin kwana, shi kuma ya kai shi wurin liman. Liman zai yi masa tofi, ya ba shi rubutu, sannan ya zaunar da shi a tabarma yana tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina rabin maganin yana cikin wannan zaman.

Tsarin yana da aibunsa, ban ɓoye ba. Yaron da ya yi shiru mukan ce miskili ne, wanda karatunsa ya ja baya mukan ce lalaci ne, mu bi shi da bulala. Da tsarin 6-3-3-4 ya zo a 1982 aka ce a naɗa malamin ba da shawara. A inda na koyar, ɗakinsa ya ƙare a ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Sai dajin ya juya mana baya, ya zama mafakar 'yan bindiga. A Oktoban 2012 aka kashe masallata a Dogon Dawa, a Mayun 2018 aka afka wa Gwaska. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 a Kagara, maƙwabtanmu na jihar Neja, wata guda bayan haka aka ɗauke malamai uku a firamaren Rema. Ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka kora yaran Kuriga cikin daji. Iyaye suka janye 'ya'yansu, waliyyai suka yi ƙaura, uban makaranta shi ma yana neman mai rarrashinsa.

A shekarata ta ƙarshe ina zagayen dare na haska wani yaro kwance da takalmi a ƙafarsa, idonsa biyu. Na ce, "Ɗana, ba ka cire takalmi?" Ya ce, "Malam, in sun zo ba sa jira. Yayana ba takalmi ya tafi, ƙaya ta cinye masa ƙafa." Wannan yaron in babur ya wuce bayan aji, sai ka gan shi ƙarƙashin benci. Da a da ne, da na ce iskanci ne.

A Nuwamban 2024 gwamna Uba Sani ya zo aka yi sulhu da 'yan bindigar, aka buɗe kasuwar shanu, motoci suka koma hanyar Kaduna. Mun gode Allah. Amma firgici ba ya sa hannu a yarjejeniya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana can Kaduna, fiye da kilomita 100 daga nan.

Ina roƙon ma'aikatar ilimi da Masarautar Birnin Gwari: a horar da malami ko da ɗaya a kowace sakandare, a haɗa shi da liman da iyaye, a fitar da karyayyun kujerun nan a ba shi ɗakinsa.