Ƙuri'ar jin ra'ayin matuƙa jiragen sama kafin cinikin albashi: Yadda ake yin ta da amfaninta

Ƙuri'ar jin ra'ayi kafin ciniki tsari ne da ƙungiyoyin matuƙa jiragen sama, musamman a Amurka da Kanada, suke bi don tantance abin da mambobinsu suka fi buƙata kafin a zauna da kamfani kan sabuwar yarjejeniyar aiki. Ana aika wa matuƙan tambayoyi ta intanet, wani lokaci kuma a kira waɗanda aka zaɓo ta waya, sannan a miƙa sakamakon ga kwamitin da zai wakilce su a teburin ciniki.

Babbar ƙungiya a wannan fage ita ce ALPA, wadda aka kafa a 1931, kuma take wakiltar matuƙan kamfanoni irin su Delta da United da FedEx da Air Canada. Matuƙan American Airlines suna da tasu mai suna APA, na Southwest kuma SWAPA. A tsarin ALPA, matuƙan kowane kamfani suna da majalisar zartarwarsu ta zaɓaɓɓun wakilai, ita ce ke naɗa kwamitin ciniki.

Dalilin da ya sa ake ba ta muhimmanci

Harkar ƙwadago a sufurin jiragen saman Amurka tana ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta Jiragen Ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniyar aiki ba ta mutuwa. Idan wa'adinta ya cika, sai dai ta kai lokacin gyara, kuma tsofaffin sharuɗɗa suna ci gaba da aiki har a cimma sababbi.

Matuƙa ba su da ikon shiga yajin aiki sai Hukumar Sasantawa ta Ƙasa ta gamsu cewa sulhu ya ci tura, ta sallami ɓangarorin biyu, sannan a jira kwana 30. Ko bayan haka shugaban ƙasa zai iya kafa kwamitin gaggawa ya dakatar da yajin, kamar yadda Bill Clinton ya yi wa matuƙan American Airlines a Fabrairun 1997, 'yan mintoci bayan sun ajiye aiki. Saboda haka ciniki kan ɗauki shekaru, kuma abin da aka manta ba a saka ba yakan jira zagaye na gaba. Wannan ya sa ƙungiya take son sanin zuciyar mambobinta tun kafin ta gabatar da buƙata ta farko.

Abubuwan da ake tambaya

Na farko shi ne albashi. Ana biyan matuƙi ne bisa awa, kuma kuɗin awar ya danganta da nau'in jirgin da yake tuƙawa, da kujerarsa, ko kyaftin ne ko mataimaki, da shekarunsa a kamfanin. Galibi lissafin yana farawa daga lokacin da jirgi ya bar wurin ɗaukar fasinja zuwa lokacin da ya tsaya a inda ya nufa. Dokar Amurka kuma ta hana matuƙin jirgin fasinja wuce awa 1,000 na tuƙi cikin kwana 365, don haka ba zai iya ƙara samunsa da yawan tashi yadda ya ga dama ba.

Na biyu shi ne jadawalin aiki: kwanakin hutu a wata, da ikon musayar tafiya da abokin aiki, da iyakar yadda kamfani zai sauya wa mutum jadawali bagatatan, da dokokin zaman ko-ta-kwana, wato matuƙan da ke jiran kira idan wani ya gaza fitowa.

Na uku shi ne kuɗin ritaya. Bayan karayar arziki da manyan kamfanoni suka yi a farkon shekarun 2000, an soke tsohon tsarin fanshon matuƙan US Airways da United da Delta. Tun daga nan batun kason da kamfani zai riƙa zubawa a asusun ritayar kowane matuƙi ya zama babba, musamman da yake ritaya dole ce a shekara 65.

Akwai kuma sharaɗin kare aiki, wanda ke iyakance zirga-zirgar da babban kamfani zai bai wa ƙananan kamfanonin da ke yi masa ƙwadago. A manyan kamfanonin Amurka iyakar jiragen da ƙananan za su tuƙa da sunansu ita ce kujera 76. Sauran tambayoyin sun shafi hutun rashin lafiya, da inshora, da alawus ɗin tafiya, da ingancin otal ɗin kwana.

Yadda ake tsara tambayoyin

Idan aka tambayi matuƙi ko yana son ƙarin albashi da ƙarin hutu, zai ce yana son duka. Don haka ake tilasta masa jerantawa daga mafi muhimmanci zuwa na ƙarshe, ko a ba shi abu biyu ya zaɓi ɗaya.

Ana kuma tambayar kujerarsa da jirginsa da tasharsa da daɗewarsa a aiki, domin buƙatu sun sha bamban. Kusan komai a wannan sana'a, daga zaɓen jadawali zuwa ƙarin girma, yana bin jerin daɗewa ne, kuma wanda ya sauya kamfani daga ƙasan jerin zai sake farawa. Kyaftin da ritaya ta kusanto hankalinsa na kan kuɗin awa da na ritaya, sabon mataimaki kuwa dokokin ko-ta-kwana ne suka fi ci masa tuwo a ƙwarya.

Ba a cika fitar da cikakken sakamakon fili ba, don kada kamfani ya gane inda ƙungiya za ta iya sassautawa. Akan maimaita ƙuri'ar a tsakiyar ciniki, da kuma bayan mambobi sun ƙi wani daftari.

Darasin 2022 zuwa 2024

Ƙuri'ar jin ra'ayi ba ita ce hukuncin ƙarshe ba, domin daftarin da aka cimma sai mambobi sun kaɗa masa ƙuri'ar amincewa. A Nuwamban 2022, kashi 94 cikin 100 na matuƙan United da suka yi zaɓe sun yi fatali da daftarin da wakilansu suka kawo, mai ƙarin kusan kashi 15. A Maris ɗin 2023 matuƙan Delta suka amince da ƙarin kashi 34 cikin shekara huɗu. Wannan ya ɗaga ma'aunin kowa: United ta koma ta amince da ƙarin da ya kai kashi 40, matuƙanta suka karɓa a Satumban 2023, ita kuma American Airlines sai da ta ƙara tayinta ya yi daidai da na United kafin nata su amince a watan Agusta.

Matuƙan FedEx sun ƙi nasu daftarin a Yulin 2023, yayin da na Southwest suka amince da ƙarin kusan kashi 50 cikin shekara biyar a Janairun 2024.

Abin da waɗannan suka nuna shi ne ra'ayin matuƙa yana sauyawa da zarar takwarorinsu na wani kamfani sun samu fiye da abin da aka yi musu tayi. Kwamitin da ya dogara da tsohon sakamako yana iya kawo daftarin da mambobi za su ƙi, a sake komawa teburi na wasu watanni a kan tsohon albashi.